Gasket na Kwalin Madara

Shatin yatsu huɗu na fara gani a kuncin Yaya tun kafin in ga babur ɗin. Ya buɗe mini ƙaramar ƙofar gidan kafil ɗinsa, wato ubangidan da bizarsa ke hannunsa, a unguwar Nu'aija, ya karkatar da kai kamar mai neman wani abu a ƙasa. Na kama haɓarsa na juyo da ita.

"Wa ya yi maka wannan?"

"Ke, sake ni. Ƙofar mota ce."

"Ƙofar mota mai yatsu?"

Ya ture hannuna ya yi gaba, na bi shi.

Yaya direba ne a gidan, ya shekara biyar yana tuƙa su. Shi ya yi mini hanya na zo Doha bayan korona ta lafa, na samu aikin gadi a wani kamfani, ina binciken jakunkunan mata a ƙofar shiga. Alhamis ce ranar hutuna, kuma wannan Alhamis ɗin saura 'yan kwanaki a fara kofin duniya. Tun Laraba ya kira ni ya ce in zo in riƙe masa abu. Yaya bai taɓa cewa in taimaka masa ba, sai dai in riƙe masa abu.

A bayan gidan, kusa da ɗakinsa, babur ɗin ruwa ne a kan 'yar tirelarsa. Tsoho ne, fentinsa ya koɗe, sirdin ya tsattsage. Na ɗan kafil ne, babban ɗan, wanda yanzu komai na gidan yake hannunsa tunda uban ya tsufa. Da kullen korona ya zo aka hana zuwa bakin teku, sai aka lulluɓe shi da tamfol da fetur ɗinsa a ciki, aka manta da shi sama da shekara biyu. Yanzu abokansa za su zo kallon ƙwallo daga waje, yana son ya kai su teku. Ya bi garejojin Sana'iyya, unguwar masana'antu, kowa ya ce sai bayan gasa. A mota yake wannan faɗan a waya, Yaya na tuƙi, sai bakin Yaya ya ja shi ya ce ai shi makaniki ne. Kuma ba ƙarya ya yi ba, ya yi shekaru yana gyaran acaɓa a Kano kafin a hana ta.

"Inji ai inji ne," ya ce mini. "Fistin biyu, fulogi biyu, kafireta biyu. Me ya fi mashin da shi?"

Ya ba ni labarin ne a guntu-guntu, ina ciro shi da tambaya. Karo na farko ya zubar da tsohon fetur, ya sa sabon batir da sababbin fulogi, ya hura kafireta da baki. Ya saita silo, wato yadda inji ke tafiya a hankali shi kaɗai in ba a matsa totur ba. Da kunne ya saita, kamar yadda yake yi wa mashin a kan jak, har ya ji sautin ya kwanta masa. Ana saka shi a ruwa ya mutu. Karo na biyu ya kwance kafiretocin gaba ɗaya ya wanke ya mayar. A ruwa ya tashi yana tari yana fizga, ɗan kafil ya hau ya ɗan yi nisa, ya saki totur, injin ya ɗauke. Iska ta yi ta jan sa har wasu samari suka jawo shi da igiya suna dariya suna ɗaukar sa a waya. Yana taka ƙasa ya mari Yaya. Ya ce Juma'a da safe za su koma, in bai yi ba kansil, wato a soke masa biza a ba shi tikitin gida.

Ana cewa yanzu mutum na iya sauya aiki. Ni dai na san direban gida da aka kora da fushi, ban ga wanda ya tsaya neman wani wuri ba. Kuma da wannan aikin matar Yaya da 'ya'yansa uku da Inna suke cin abinci.

"To jiya me ka yi masa?"

"Na ƙara masa silo. Tunda a ruwa yake mutuwa, na murɗa sukurun sosai. Tsaya ki ji."

Ya cire sirdin, ya riga ya cire akwatin iskar, bakunan kafireta biyu suna buɗe. Na leƙa ƙarƙashin babur ɗin ta baya na ga inda yake zuƙar ruwa da inda yake fesarwa. Raina ya ɓaci nan take. Babanmu gyaran injin ban-ruwa yake yi a Kadawa har ya rasu, kuma da mazan gidan suka gudu birni ni ce na tsaya ina miƙa masa sifana bayan an tashi daga makaranta. Wannan abin da Yaya yake kira mashin injin ban-ruwa ne aka ɗora wa sirdi. Farfela ce a ciki take jan ruwa tana turawa. Injin ban-ruwa kuwa ba a saita shi a bushe, don in farfela ta kama ruwa nauyi ya hau kanta, silon da ka ji daɗinsa a tudu ba zai iya ɗauka ba.

Na buɗe baki zan faɗa masa, ya riga ya danna.

Ya yi tari sau biyu ya kama. Daƙiƙa kaɗan yana rawa, sai sautin ya fara hawa ba wanda ya taɓa totur. Ya hau, ya ƙara hawa, har ya koma ihu. Ban taɓa jin ƙarfe ya yi irin wannan kukan ba. Katangun gidan dogaye ne, suka riƙa dawo mana da ƙarar cikin kai. Tirelar ta fara tsalle a kan siminti, sifanonin da ke kan ta suka zube, hayaƙi shuɗi ya cika wurin.

Yaya ya fizge igiyar makulli, wadda in an cire ta inji ke mutuwa. Bai mutu ba. Ya danna jan maɓalli, ya sake dannawa, ya doke shi da dunƙule. Ya kai hannu ya fizge hular fulogi, wuta ta ja shi ta watsar, ya buga ƙeya da bango. Ya tashi ya fizge ta biyun. Wayoyi biyu suna lilo, injin yana ci gaba da ihu ba wutar fulogi, zafin cikinsa kaɗai ke kunna man.

Na ja cok, abin da ke rage wa inji iska. Wayar ta yi tsatsa, na ja da ƙarfi, kan ya tsinke ya biyo hannuna. Na jefar.

Abin da ya rage a toshe masa numfashi. Na danna tafin hannuna a bakin kafireta ɗaya, ta zuƙe fatar kamar za ta cire ta. Na yi wa Yaya ihu ya rufe ɗayar. Yana tsaye baki buɗe, ido a waje. Na zuba masa shuri a ƙwauri da takalmin aikina mai ƙarfe a baki. Ya durƙusa, ya gane, ya kifa tafinsa. Injin ya shaƙe, ya yi wani amai, wuta ta dawo ta baki ta lashe mana hannu, ya girgiza sau uku ya tsaya.

Kunnena ya daɗe yana ƙara. Tafina ya yi jan zobe, gashin hannun Yaya ya ƙone yana wari. Aka ɗaga labule a bene aka sauke. Allah ya taimake mu ɗan kafil ba ya gida.

Na ɗauki sifana na kwance kafiretocin tun suna da zafi. Inji ba ya irin wannan haukar sai iska na shiga ta inda bai kamata ba, kuma ina ɗaga su na ga wurin. A ƙarƙashinsu, inda gasket yake zama ya toshe tsakanin ƙarfe da ƙarfe, wani abu ne jiƙe da fetur yana marmashewa. Na ɓanɓaro shi. Har da rabin hoton saniya a jiki.

"Yaya, mene ne wannan?"

"Na ainihin ya yage da na kwance."

"Na ce mene ne wannan?"

"Kwalin madara ne. Na yanka shi daidai, na shafa masa giris."

Na watsa masa shi a fuska. Sannan na maka masa sifanar a kafaɗa, ba da wasa ba. Ya riƙe wurin ya yunƙuro kamar zai rama, ya tsaya.

"Ke, ni kika doka? Ni na goya ki."

"Ka goya ni ka kawo ni nan ka ƙona ni."

"Mashin nawa na ɗaure da kwali a Kano? Wa ya taɓa dawo mini da shi?"

"Ina za su dawo, sun tura shi gefen titi sun kai wa wani. Wannan in ya mutu gefen ina za ka tura shi?"

"Bakinki ne ya hana ki aure."

"Naka ne zai kai ka filin jirgi ranar Asabar. Miƙo mini sifanar fulogi."

Ya miƙo. Na cire fulogin biyu, ɗaya ya yi fari fat don zafi. Tsorona kada fistin ya narke, don in ya narke magana ta ƙare. Na toshe ramin farko da babban yatsa na ce ya danna, iska ta ture yatsan da ƙarfi. Na biyu ma haka. Na saki numfashi.

Sai na bi hanyar mai tun daga tanki. Tiyon man tsofaffi ne masu ruwan toka, na yanka ɗaya da reza na tsaga. Cikinsa wani kore ne mai danƙo kamar miyar kuka, abin da fetur ɗin korona ya bari. Na buɗe gefen kafireta na zaro 'yar matata ƙarama kamar kan yatsa, ta toshe da wannan koren. Yaya bai ma san tana nan ba, mashin ba shi da ita a wurin. Duk wankin da ya yi, sabon fetur na bin tsohon tiyo yana kwaso dattin yana mayarwa. Shi ya sa yake tari yana fizga, man silo ba ya isa.

Muka ɗauki motar gidan muka nufi Sana'iyya da kafireta ɗaya a leda. Titi bayan titi, garejoji, manyan motoci, ƙura da warin walda. Shago na huɗu muka samu wani tsoho ɗan Pakistan mai kayan injin jirgin ruwa. Ya juya kafiretar a hannu, ya dube ni, ya dubi Yaya, ya shiga ciki ya fito da gasket na gaske da 'yan robobi da matata da sabon tiyo. Na nuna masa guntun wayar cok. Ya ce akwai a sama, in jira yaronsa ya dawo daga salla ya hau ya duba. Na kalli rana na ce ba mu da lokaci, muka tafi. Wannan kuskuren nawa ne, ba na kowa ba.

Daga azahar zuwa la'asar sakaliya muna durƙushe a siminti. Na wargaza kafiretocin a kan farantin abincin Yaya don kada ƙaramin abu ya ɓata. Ramukan da man silo ke bi ƙanana ne ƙwarai, sai ka ɗaga wa rana kafin ka gani. Ina fesa musu maganin wanki ina jira ya fito ta ɗaya gefen, sai ga Yaya da allura.

"Kawo in buɗa su, mai ya wuce da kyau."

Na buge hannun, allurar ta yi tsalle.

"Ka ƙara musu faɗi ka mayar da su yaya? Je ka canza tiyo."

Ya tafi yana gunaguni. Amma tiyon ya ɗaura su tsaf, hannunsa ya fi nawa kyau a wannan, ban dai faɗa masa ba. Na mayar da sukurun silo baya inda tsohon shatinsa yake. Muka ɗaura komai da sabon gasket, muka jona tiyon famfo don ya samu ruwan sanyaya jiki. Na rufe bakin kafireta da tafi a madadin cok, ya danna, ya tashi, na buɗe famfo. Ba tari, ba fizga. Sai dai sautin yana sama, ya fi na mashin a tsaye nesa ba kusa ba. Na ga hannun Yaya yana lallaɓawa wajen sukundireba.

"Ka taɓa shi in karya maka yatsa."

"Ba ki ji ya yi yawa ba?"

"A tudu haka ya kamata ya yi. Gobe in ruwa ya kama farfela zai sauko da kansa. A can za mu saita, yana ɗaure a tirela."

Muka kashe, muka mayar da akwatin iska. Ya kai ni masaukinmu kafin magariba.

Juma'a bayan asuba ya ɗauko ni, muka ja tirelar zuwa gangaren da ake saka jirage a ruwa ta wajen Wakra. Na so mu riga ɗan kafil isa mu gama saiti. Ba mu riga shi ba. Yana tsaye jikin motarsa da gajeren wando da baƙin gilashi, ƙato ne, ya girmi Yaya kaɗan. Ya nuna ni da haɓa ya tambaya cikin Larabci wace ce wannan. Yaya ya ce ƙanwarsa ce, za ta riƙe masa abu.

Yaya ya yi baya da mota har ruwa ya rufe gindin babur ɗin. Na tattare doguwar rigata na shiga, ruwa har cinya, simintin ƙasa yana da santsin gansakuka. Yaya ya tsaya ɗaya gefen ya danna. Ya juya bai kama ba. Ya sake. Ya sake. Inji ya kwana ya yi sanyi, ba cok, bakin kafireta kuma na cikin akwatin da muka rufe jiya. Na gane nan da nan, na ce wa Yaya ya bar dannawa, na ɗauki sukundireba zan cire akwatin.

"Yalla," in ji ɗan kafil. Ya sauko gangaren. "Yalla, makaniki."

Yaya ya fara yi masa bayani, rabi Larabci rabi Turanci, minti biyu kawai. Mutumin bai saurara ba. Ya kama ƙeyar Yaya ya tura da ƙarfi. Ƙafar Yaya ta zame, bakinsa ya daki ƙarfen tirela, ya nutse gaba ɗaya. Ya taso yana tari, jini na bin haɓarsa yana ɗiga a ruwa.

Ban san lokacin da na zagayo ba. Na dai ga kaina a gabansa, sukundireba a dunƙule a hannuna, tsinin yana kallon cikinsa. Na san inda zan sa shi, ƙarƙashin haƙarƙari, na ma zaɓi gefen. Ya cire gilashin ya dube ni.

Yaya ya cafke wuyan hannuna ta baya. Ya murɗe shi, ya ƙara murɗewa har na ji abu ya yi ƙas a ciki, sukundireban ya faɗa ruwa. Ya juyo da ni ya kwaɗa mini mari, irin wanda ban taɓa sha ba ko a wurin Baba. Na faɗi zaune a ruwa, gishiri ya shiga hancina. Ya sunkuyo kamar zai ƙara, ya yi magana ƙasa-ƙasa da Hausa, jininsa na ɗiga a hijabina.

"Kurkuku kike so? Tashi ki tayar da injin nan. Don Allah."

Sannan ya miƙe ya juya ga ɗan kafil yana ba shi haƙuri, yana nuna kansa da yatsa, wai ƙanwarsa ba ta da cikakken hankali. Mutumin ya koma baya taku biyu ya mayar da gilashinsa.

Na laluba ƙasan ruwa da hagu na samo sukundireban. Da hagu na kwance akwatin, ina kuka ina zagin sukurun ɗaya bayan ɗaya. Na kifa tafin da ya ƙone jiya a bakin kafireta ɗaya, Yaya ya rufe ɗayar, ya danna da gwiwar hannu. Ya kama a juyi na biyu. Ruwa ya fara tafasa a bayan tirela. Sautin nan da ya yi yawa a tudu ya sauko, ya ɗan yi ƙasa fiye da yadda nake so, yana neman rawa. Na murɗa sukurun silo kaɗan, na jira, na ƙara kaɗan. Ya zauna. Na matsa totur ya amsa ba tari, na saki ya dawo ya zauna bai mutu ba. Sau biyar na yi. Muka mayar da akwatin yana tafiya.

Yaya ya kwance igiyoyin. Ɗan kafil ya hau ba tare da ya kalli kowannenmu ba, ya fita. Muka tsaya a ruwa muna kallon sa yana yanka teku. Can nesa ya tsaya cak ya saki totur, ya daɗe a haka yana jira ya mutu. Muna jin sautin ƙasa-ƙasa yana zuwa a kan ruwa, bai ɗauke ba. Ya yi haka sau uku a wurare daban-daban, sannan ya dawo.

Ya sauka ya jefa wa Yaya igiyar makulli.

"Khalas," ya ce. Ya ce a wanke shi da ruwan daɗi, a gyara cok, kuma gobe ƙarfe goma Yaya ya je filin jirgi ya ɗauko baƙi. Ya ce kada ya sake ganina a gidansu. Yaya ya ce shukran, da leɓe a fashe. Sau biyu ya faɗa.

Muka shiga mota muka kamo hanya har muka shigo gari. Ko'ina tutoci, ana ta rataya hotunan 'yan ƙwallo a jikin benaye. Wajen Muntaza Yaya ya ce, "Mu tsaya kyamis a ɗaure miki hannun."

"Sauke ni nan."

"Ke, da kin soke shi fa?"

"Na ce sauke ni."

Ya tsaya. Na fita da rigata jiƙe tana manne mini, na shiga kyamis da ƙafata aka ɗaure. Da yamma na je aiki, na yi ta buɗe jakunkunan mata da hannun hagu, na ce wa shugabarmu a banɗaki na zame.

Duk tsawon gasar yana kira ban ɗauka ba. Yana nan yana kai baƙi filin wasa yana ɗauko su, ba wanda ya sake ambatar kansil. Mako na uku Inna ta kira ni ta ce ta ji muryarsa wani iri, ko lafiya. Na ce mata lafiyarsa ƙalau, aikinsa na nan. Ta ce to me ya haɗa mu. Na ce ta tambaye shi. Ban sani ba ko ta tambaya.